Na Kwaikwayi Muryar Baba

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sabi'u ne daga Soron Ɗinki, sarkin tsokana.

Yayana Nasiru tela ne a Jidda. Ya gaya mana za a yi musu allurar rigakafin mura. Sai na ɗauki wayar Baba, na kwaikwayi muryarsa, na tura wa Yaya saƙon murya: "Nasiru, ban yarda a tsira maka allurar nan ba!" Ya amsa, "To Baba, na fasa." Na goge saƙon ina ta dariya.

Yau kwanan Yaya shida a asibiti, mura ta yi masa mummunan kamu, da ƙyar yake numfashi. Jiya Baba ya share hawaye ya ce, "Me ya hana yaron nan yin allurar?" Na sunkuyar da kai.

Jama'a, don Allah, wa zan fara gaya wa, Baba ko Yaya?