Ƙanƙara Ta Doki Jirgin Ƙanena

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Sunana Habibu, daga Al Qusais a Dubai.

Ƙanena Nura yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya. Bana aka tura su ta can ƙuryar arewacin duniya, wai ɗumamar yanayi ta narkar da ƙanƙara, hanya ta buɗe. Ranar Juma'a ya kira ni ya ce: “Yaya, ƙanƙarar farfashewa ta yi, tana yawo. Wata ƙatuwa ta doke mu, ruwa na shigowa.” Sai layin ya katse.

Na je ofishinsu, “shwaiya, shwaiya”, wato in dakata, kawai suke ce mini. Hajiyarmu a Kano kuma kullum sai ta tambaye ni labarinsa.

Masu sauraro, in gaya mata ko in yi shiru? Ku saka Nura a addu'a.