Tukunyar Zubaidatu

"Ni na riga kowa ganin tukunyar farko ta gidan nan," in ji wani tsoho a layin masu sayen sobiya, abin shan nan na jiƙon sha'ir, a unguwar Rusaifa ta Makka, ana dab da shan ruwa. Saurayin da ke ƙulla wa mutane a leda ya ɗago kai, ya kira shi baffa da Larabcin garin.

"Ashe ka san kakana Datti, ya ammi? Shi ya kafa gidan."

"Datti? Dakon sha'ir kawai yake yi. Matarsa Zubaidatu ce mai tukunya. Burkutu take dafawa a can gida, kafin ta tuba ta taho Makka a ƙafa. Duk ayarinmu ni kaɗai na rage."

"Rage murya don Allah, azumi ake."

"Ƙarya na yi? Wasu masu sobiya jiƙonsu kan zarce, sai a zubar. Ita kuwa da hanci take gane lokacin da tsami zai koma haram, ta tace tun bai kai ba. A ina kake zaton ta koya?"

Saurayin ya sunkuyar da kai, leda na ɗiga a hannunsa. "Mu an ce mana malamar Islamiyya ce."

"To me ya sa ba sunanta a ƙofa?"

"Babana ya hana." Ya miƙa masa ledar. "Khalas, shi ke nan, ya ammi, karɓi taka."

Tsohon ya karɓa, ya juyo wajen layin, muryarsa ta ɗan sauka. "Wanda ya ce ƙarya nake, ya tambayi yaron nan wa ya koya musu sansana tukunya kafin su sayar."