Layi na Uku a Katin Sha Bakwai ga Afrilu

Shugaban wannan taro, shugabar ɗakin karatu da ma'aikatanta, shugaban gidan rediyonmu da abokan aikina na da da na yanzu, babban jami'in 'yan kwana-kwana, tsofaffin ma'aikatan masaƙa da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malaman makaranta, iyayenmu maza da iyayenmu mata, da duk wanda ya baro shagonsa ko ofishinsa ya zo wannan zaure, har da waɗanda nake hangowa a tsaye ta taga saboda kujeru sun ƙare: assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga shugabar ɗakin karatu da ta yarda ta karɓi wannan akwati da kuke gani a gefena, bayan ta auna ƙofarta sau biyu ta tabbatar zai shiga. Ina godiya ga shugaban gidan rediyo da ya yarda ya sake shi. Ina kuma godiya gare ku da kuka zo sauraren matar da kuka shekara talatin da biyar kuna jin rubutunta, amma ba ku taɓa jin muryarta ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai ajiyar tarihi a gidan rediyo har zuwa watan jiya da na yi ritaya. Kowace safiya, ƙarfe bakwai saura minti biyar, mai gabatarwa yakan ce: "A rana irin ta yau," ya karanto muku abubuwan da suka taɓa faruwa a garin nan. Muryar tasa ce, amma rubutun nawa ne. Akwatin nan aljihu goma sha biyu gare shi, kowane wata da nasa, kowace rana kuma da katinta. Mutane sun sha zuwa suna roƙon a sa su a ciki. Akwai wani attajiri da ya zo har sau uku a kan lallai in rubuta ranar da ya sayi motarsa ta farko. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, tarihin gari nake ajiyewa." Ya ce: "To ai duk gari ya fito kallonta."

An ce in yi bayani a kan akwatin. Ba zan iya kati ɗari uku da sittin da shida ba, ko da kun kawo tabarmi. Zan ɗauki guda ɗaya, na yau, sha bakwai ga Afrilu. Layi uku ne a kansa, abubuwa uku da suka faɗo a rana ɗaya a shekaru daban-daban, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, a rana irin ta yau, shekara sittin da ɗaya da suka wuce, aka buɗe famfo na farko a garin nan, a bakin tsohuwar kasuwa. Ba a haife ni ba, amma mahaifiyata tana wurin da bokitinta. Ta ce manya sun jeru, an yi jawabai, aka murɗa kan famfo, sai ya yi ta tari kamar tsoho mai mura, ko ɗigo babu. Masu sayar da ruwa suna gefe suna ta dariya. Can sai ya feso wani jan ruwa a gaban rigar babban baƙo, sannan fari ya biyo baya. Daga wannan rana mata suka huta da tafiyar rafi, cutar ciki kuma ta ragu ga yara. Wannan layi ban taɓa samun wanda ya yi gardama a kansa ba.

Na biyu, a rana irin ta yau, shekara goma sha tara da suka wuce, ƙungiyar ƙwallon garin nan ta ɗauko kofi. Wannan ba sai na ba ku labari ba, domin duk namijin da ke zauren nan zai rantse yana bayan raga lokacin da ƙwallon ta shiga, alhali motoci biyu kacal suka tafi. Saboda wannan layi ne matasa suke kiran yau ranar kofi, kuma ban ga laifinsu ba.

Na uku shi ne dalilin tsayuwata a nan, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku. A rana irin ta yau, shekara talatin da huɗu da suka wuce, da misalin sha ɗaya na safe, wuta ta tashi a ɗakin ajiyar auduga na masaƙa. Mutum goma sha ɗaya suka rasu, fiye da ɗari biyu suka tsira, masaƙar kuma ba ta sake buɗewa ba. A lokacin shekarata ɗaya da fara aiki. Washegari na ɗauki jarida, na ga abin da manajan masaƙa ya faɗa, na zauna gaban tafireta na buga layi ɗaya: "Gobara ta cinye masaƙa sakamakon sakacin ma'aikacin lantarki." Na sa katin a aljihun Afrilu na rufe. Ban tambayi kowa ba, ban jira bincike ba, ban sake dubawa ba. Shekara talatin da uku ana karanta wannan layi ga gari guda, kowace shekara, a daidai lokacin da mutane suke karyawa.

Ban sa suna ba, amma masaƙa ma'aikacin lantarki ɗaya gare ta, kuma kowa ya san shi. Tsofaffinku sun tuna sunan da aka laƙaba masa bayan gobarar. Tartsatsi ake ce masa. Wasunku sun kira shi da shi, ni ma na kira.

Bara, kwana ɗaya bayan wannan rana, wata mata ta shigo ofishina. Malamar makaranta ce, da ragowar alli a hannun rigarta. Ta gaishe ni, ta zauna, ta ɗora wata tsohuwar ambulan a kan teburina. Ta ce: "Mama, ke ce mai rubuta abin da ake karantawa da safe?" Na ce ni ce. Ta ce: "Jiya shugaban makarantarmu ya kwafo shi daga rediyo, ya ba ni in karanta wa ɗalibai a taron safe. Na karanta na famfo, na karanta na kofi. Da na zo na uku sai bakina ya ƙi. Yara ɗari shida suna kallona. Mama, mutumin nan mahaifina ne."

Zan gaya muku abin da na ce mata, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Na ce: "'Yata, na tausaya miki, amma ni abin da ya faru nake rubutawa, ba abin da ake so a ji ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta tura mini ambulan ɗin ta ce: "To ki karanta abin da ya faru."

Takardu uku ne a ciki, kwafin kabon, sun yi ja don tsufa. Wasiƙu ne da mahaifinta ya rubuta wa manaja a cikin wata biyar kafin gobarar. A ta farko ya ce wayoyin ɗakin ajiya sun tsufa, an kuma ɗora musu injunan da suka fi ƙarfinsu. A ta biyu ya ce ƙurar auduga ta taru a kansu. A ta uku ya ce idan ba a canza su ba, shi ba ya da tabbacin komai, ya kuma roƙi a cire sarƙar da aka ɗaure ƙofar baya da ita.

Na karanta, amma zuciyata ta ci gaba da neman mafita. Na ce a raina, kwafi ne, kowa yana iya buga kwafi. Mako biyu takardun nan suna cikin jakata, ina zuwa aiki da su ina komawa gida da su. Daga ƙarshe na tafi ofishin 'yan kwana-kwana, babban jami'insu da ke zaune a nan ya buɗe mini ɗakin tsofaffin fayiloli. Kwana huɗu muna ɗaga ƙura, ni da shi, kowa da tsumma a hanci. A rana ta huɗu muka samo rahoton kwamitin bincike, wanda ya fito wata takwas bayan gobarar, lokacin da manaja ya riga ya bar gari, jaridu kuma sun koma wani labarin. Ainihin wasiƙun uku suna manne a bayansa, da hatimin ofishin manaja a kan kowace. Rahoton ya wanke ma'aikacin lantarki tas. Ya ƙara da abin da ban taɓa sani ba: shi ne ya kutsa cikin hayaƙi ya kashe babban makunni, shi ne kuma ya fasa kwaɗon ƙofar baya da guduma, ya janye sarƙar tana da zafi da hannunsa. Ta wannan ƙofa mutum ɗari da arba'in suka fita. Na tabbata akwai wasunsu a zauren nan.

Na nemi malamar ta kai ni gidansu. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, ana shanya wanki a gefensa. Tun bayan gobarar ba wanda ya sake ba shi aikin wayar lantarki a garin nan, ko na ƙwan fitila ɗaya. Da gyaran kekuna ya ciyar da 'ya'ya biyar. Na ga tafin hannayensa, fatar ta tattare, yatsu biyu ba sa miƙewa. Na durƙusa na ce: "Baba, ni ce na rubuta. Na zo neman gafara."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce: "Ashe mace ce. Ni duk shekarun nan da mai karantawar nake fushi, bawan Allah." Muka yi dariya, ni tawa da hawaye. Na ce: "Baba, me ya hana ka zuwa ka nuna takardun nan tun tuni?" Ya ce: "Na je, 'yar nan. Shekara ta biyu na je har ƙofarku. Mai gadi ya tambaye ni sunana, na faɗa, ya ce, au, Tartsatsi ne? Sai na juyo." Sannan ya ƙara da cewa: "Kuma mutum goma sha ɗaya sun mutu. Na san su duka. Na ga kamar bai dace in tsaya ina wanke kaina a gaban matansu ba."

Na ce masa za a yi taro a ɗakin karatu, za a karrama shi a gaban jama'a. Ya girgiza kai. Ya ce: "Ba na zuwa taro, ƙafafuna ba sa so, ni ma ba na so. Abu ɗaya nake nema. A faɗa a rediyo, a ranar, a daidai lokacin da kuka saba faɗin waccan. Waɗanda suka ji ta farko suna shan shayi, su ji ta biyu suna shan shayi."

Abin da aka yi ke nan yau da safe, kuma wanda bai ji ba, ga sabon layin: "Gobara ta cinye masaƙa, mutum goma sha ɗaya suka rasu. Ma'aikacin lantarki ya yi gargaɗi sau uku a rubuce ba a saurare shi ba, shi ne kuma ya fasa ƙofar da mutum ɗari da arba'in suka tsira ta cikinta. Abin da wannan gidan rediyo ya riƙa faɗa a kansa a baya kuskure ne." Bayan haka aka karanta sunayen mamatan goma sha ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga shugabar ɗakin karatu: tsohon katin ban yaga shi ba, yana manne a bayan sabon, kada a raba su, domin na baya su ga yadda kuskure yake kama. Ga malamai da ɗalibai da duk mai zuwa duba akwatin nan: kada ku ɗauki abin da ke ciki kamar an saukar da shi daga sama. Mace ɗaya ce ta buga shi, wata rana da gajiya, wata rana da gaggawa. Saura kati ɗari uku da sittin da biyar, kuma ba zan rantse muku a kan ko ɗaya ba. Wanda yake da takarda a ƙasan akwatin gidansu, ya kawo a duba. Ga sauran jama'a kuma, musamman mu tsofaffi: wancan suna da muka laƙaba wa mutumin nan, a bar shi daga yau. Wanda ya san ta ƙofar baya ya fita, ko uwarsa, ko ubansa, ya san inda gidan Baba yake, ya je ya gode masa.

Malamar tana nan a layi na biyu. Kafin a fara taro na tambaye ta ko Baba ya saurara. Ta ce tun shida da rabi ya sa aka fito masa da kujera, aka ajiye rediyo a cinyarsa. Ya saurara har ƙarshe. Da aka zo sunayen mamatan, ya riƙa faɗin kowanne kafin mai karantawa ya kai gare shi. Da aka gama ya dubi rufin baranda ya ce mata: "Waccan wayar da aka ja muku, wa ya yi ta? Ba ta yi ba. Ɗauko mini jakar kayan aikina."

Allah ya jiƙan mutum goma sha ɗayan nan, ya ba iyalansu haƙuri. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka masa da alheri. Allah ya yafe mana abin da muka faɗa ba da sani ba, da abin da muka ƙi bincikawa alhali muna da iko. Allah ya albarkaci wannan ɗakin karatu da masu shigarsa, ya kare garinmu daga gobara da kowace irin musiba, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.