Kanwar Buhun Mani

Inna: Alo, Mani? Ina kwana?

Mani: Lahiya lau, Inna. Ya gida, ya mutanen Dogon Kiriya?

Inna: Lahiya. Ya Dogon Dutsi? Shekara shidda kana Kwatano, ka dawo kwana ukku ka sake tsere mana.

Mani: Man gyaɗa na zo nema, in fara yin sabulu. Ya ƙahwar taki?

Inna: Da sauƙi. Albishirinka, matar wan naka ta sauka. Zalihatu ta samu ɗiya mace.

Mani: Alhamdu lillahi. Allah shi raya.

Inna: Amin. Har na dama mata kunun kanwa. Amma kanwar nan taka akwai ƙarhi, yatsuna sai santsi da zogi.

Mani: Wace kanwa?

Inna: Ta buhun da ka aje bayan ƙyaure. Fara sol.

Mani: Inna, ba kanwa ba ce. Soda ce.

Inna: Sada wa? Ɗan Hasiya?

Mani: Soda, ta yin sabulu. Can masana'anta sai da safar hannu da tabarau muke taɓa ta. Nama take ci. Ina kunun?

Inna: To, ko da ka rubuta a jikin buhun ma, wa zai karanta?

Mani: Ina kunun, Inna?

Inna: Na kai mata ɗaki tun ɗazu.

Mani: Tashi ki tahi. Kar ki kashe waya. Kowa ya taɓa shi ya wanke da ruwa mai yawa, ke ma.

Inna: Ga ni ina tahiya. Ka san ƙahwar... Alo?

Mani: Ina jin ki. Yi mata magana daga nan.

Inna: Zalihatu! Aje kwanon nan!

Mani: Ta sha? Inna, ta sha?

Inna: Ta ce ludayi guda. Tana riƙe da wuya, miyau na zuba.

Mani: Ta kurkure baki, ta tofar. A ɗaura amalanke a kai ta likita yanzu, a tahi da buhun su gani. Zan hau kabu-kabu in tarbe ku. Kar a sa ta amai.

Inna: A sa ta amai?

Mani: Kar a sa, na ce. In ta fito sai ta sake ƙona maƙogwaron.

Inna: Ga ungozoma nan ta kama kan Zalihatu, ta ce yatsa guda ya isa.

Mani: Riƙe hannun tsohuwar nan. Ba ta wayar, ni zan...

Inna: Alo? Mani, in ba ta ko in riƙe ta? Alo?