Wanda Ya Kife a Dinawa

A tashar Wurno, kwana biyu bayan tseren keke zuwa Rabah da Di'o, Baturen mulki, ya shirya, Ɗanasabe tela yana jiran mota kusa da wani dattijo da bai sani ba.

"Baba, gwajin nan shi yaɓ ɓata tseren," in ji Ɗanasabe. "Tahiyar rabin wuni, sai a zaɓi mahaya da zagaye guda na kasuwa?"

"Haka Bature yag ga dama."

"To ga abin da yaj jawo! Lawwalin nan na Sisawa yay yi na ɗaya ga gwaji, anka aje shi sahun gaba, muna ta yi mai kirari. Ko Dinawa bai wuce ba yak kihe, da jaki anka maido shi. Ka san shi?"

"Na san yaron."

"Rago na, ko ba haka ba?"

"Yaron ya kwana ukku da masassara kahin tseren. Uwatai ta hana shi, bai ji ba."

"Wa, Lawwali?"

"Shi yaron dai."

Sai a lokacin Ɗanasabe ya lura. Sau uku dattijon ya kauce wa sunan, yadda uba ke kauce wa sunan ɗansa na fari.

"Baba, ka yahe mani."

"Mi kay yi?" Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ina nan bakin hanya sadda yah hwaɗi. Mutane na kallona, sai nik kasa zuwa in ɗaga shi."