Ba Zan Rushe Zauren Kakana Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Adamu direba ne daga Mamudo.

Makon jiya na kai fasinja Kano, na leƙa wani tsohon gidan sarauta da aka mayar gidan tarihi. Rana na ƙuna a waje, amma ina shiga soron ƙasar sai sanyi ya ratsa ni. Na ɗaga kai, na ga rufin azara irin na zauren kakana sak. Kunya ta kama ni, don ni na sa ranar rushe namu a zuba bulo.

Yayana ya ce, "Adamu, ginin ƙasa ya tsufa." Na ce, "Yaya, wallahi ba mai taɓa shi!"

Masu sauraro, wanda ya san tsohon magini gwanin yaɓe, ya turo min shi kafin damina.