Sandar da na ɗauka don bayan Ishaku

Ina gaishe ku, mata 'yan'uwana, cikin sunan Yesu mai ceto. Ku dube ni tsaye! Waɗanda suka san ni a Kaura sun san shekara huɗu na yi ban miƙe haka ba.

Da mijina ya rasu, ƙaninsa Ishaku ya ce gonarmu ta bayan gari tasa ce. Na ce ina da 'ya'ya, da me zan ciyar da su? A tsakar gida ya hankaɗe ni, na faɗa da baya a kan turmi. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ko juyowa bai yi ba. Cewa ya yi, "Tashi, daina wasan kwaikwayo."

Daga ranar ciwon baya ya zauna mini. Na sayar da abinci kusa da makarantar fasaha shekaru, amma ko tukunya na kasa saukewa. An yi mini ƙaho, jini ya fita, ciwo bai fita ba. Wani maɗori ya taka bayana da ƙafa har na suma. Na sha ƙwaya har cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Allura ta ba ni sauƙin kwana biyu, sai ya dawo. Daga ƙarshe na kwanta, sai da sanda nake zuwa banɗaki.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Ubangiji ba. Addu'ata guda ce: Allah ya karya Ishaku. Ina kwance ina jin ana cewa gero ya yi kyau a gonata, ni kuwa ina roƙon ya ci ya shaƙe.

Ɗiyata ta matsa muka je asibiti a Gusau. Aka ɗauki hoton baya, aka ce ba sai an yi tiyata ba, aka tura ni sashen gashin ƙashi. Likitar ta ce, "Mama, wannan kwanciyar ita ke ƙara kashe miki baya. Za mu gasa, amma ke za ki yi aikin. Motsa jiki kullum, da tafiya kaɗan kaɗan."

Na ce, "In na yi, zan iya tafiya har gona?"

Ta ce, "Da yardar Allah."

Ba ta san abin da zan je yi a gonar ba.

Wata bakwai ina yi. In na ɗaga gwiwa zuwa ƙirji hawaye na zuba, sai in kira sunan Ishaku in sake ɗagawa. Ƙiyayya ce ta tayar da ni daga tabarma, ku yafe mini, amma haka ne.

Da kaka ta yi, na ɗauki sandata na tafi da ƙafata. Na same shi sunkuye yana ɗaurin dami, ba riga, bayansa a buɗe a gabana. Na san daidai inda zan buga. Na ɗaga sandar da hannu biyu.

Na ce a zuciya, "Yesu, riƙe ni! In ka sake ni, yau zan karya mutumin nan." Sai na ji kafaɗuna sun saki. A nan ne na lura: ina tsaye, hannuwana a sama, babu ciwo! Halleluya!

Ya juyo ya gan ni. "Yaya Hannatu, ke ce?"

Na jefa sandar gabansa. "Ni ce. Ajiye ta, ni na gama da ita. Shari'ata da kai tana hannun Allah, can za ka amsa."

Na sunkuya na ɗauki dami guda na ɗora a kai, na wuce ta gabansa. Labarin ya kai kunnen dattawa, sati na zagayowa suka zauna, aka mayar wa 'ya'yana gonar ubansu.

Ban ce na gama yafewa ba, ku ci gaba da yi mini addu'a. Ciwon bayan ma yakan motsa in na yi sakaci da motsa jikin. Amma na gode wa Yesu da ya tayar da ni, ya kuma hana ni zama abin da Ishaku ya zama. Ke da ke kwance, ki je asibiti, ki yi abin da aka ce miki. Wanda ya cuce ki kuwa, ki miƙa shi ga Ubangiji. Hannunsa ya fi naki nauyi. Amin!